Igiyar rama ta kasuwar Sabon Gari: ta ɗaurin dami ce, ba ta guga ba

Da kaka ta yi, igiyar rama mai tufka uku ba ta wuyar samu a kasuwar Sabon Gari, kuma ingancinta ya sha bamban daga wannan ƙunshi zuwa wancan. Bambancin yana farawa tun daga jiƙo.

Zaren rama a ɓawon kara yake. Ƙwayoyin halittarsa dogaye ne masu kaurin bango, selulos ɗin cikinsu kuma, wato sinadarin da ke ba zare ƙarfi, ya kwanta kusan a tsawon zaren. Shi ya sa rama take jure ja amma ba ta talewa: silin bai cika miƙewa fiye da kashi 2 cikin 100 ba kafin ya tsinke. Wani ɗanko mai suna pektin ne ke riƙe da silin, shi ake ruɓar da shi idan an jiƙa karan cikin ruwa kwana 10 zuwa 14. In an tsame da wuri, ɓawo ya maƙale, igiya ta yi kaushi tana cin hannu. In an bar shi ya zarce, ruɓa ta taɓa selulos ɗin kansa, zaren ya yi duhu, ya yi gautsi. Ramar da aka bari ta yi 'ya'ya kafin yanka ita ma tauri gare ta. Wadda aka yanka tana fure ta fi laushi.

Kafin ka biya, warware tufkar kamar taƙi ɗaya. Mai kyau fara ce sol ko ruwan ƙwai, tana sheƙi, in ka sake ta sai ta koma da kanta. In gari ya zubo ko ka ji warin rima, bar ta.

Wajen ɗaure damin dawa, kara da harawa, ta fi igiyar roba nesa ba kusa ba, don ƙullinta ba ya zamewa, zafin ranar Maris kuma ba ya marmashe ta kamar yadda yake yi wa ta roba. A dai tuna ƙulli na iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, a nan take tsinkewa.

A rijiya kuwa ba ta da amfani. Ruwa na kumbura zaren, ta ɗage ta ƙanƙame, bakin rijiya ya goge ta, in an naɗe ta da danshi hunhuna ta ƙarasa ta. Ga guga da turken damina, a sayi ta roba.