Kashewa, barin ta a kunne ko dogon barci: karanta kafin ka sayi UPS

Shekara uku na yi ina barin kwamfutar teburina a kunne dare da rana, saboda wani ya ce mini kunnawa da kashewa ne ke gajiyar da na'ura. Wari ne ya raba ni da wannan ɗabi'a. Hadari ya taso cikin dare, wuta ta ɗauke ta dawo sau biyu a jere, da safe na shiga ɗaki na ji ƙaurin roba. Faifan ajiya na ta ƙas-ƙas-ƙas, allo baƙi ƙirin, aikin wata biyu yana ciki. Soket ɗin da na saya da sunan mai kare kaya daga tsallen wuta kuwa, jar fitilarsa na nan tana haske kamar babu abin da ya faru. Zan dawo kansa, don da shi nake da magana.

Mutane na muhawara kamar zaɓin biyu ne, alhali huɗu ne: a bar ta a kunne, a kashe ta, a sa ta gajeren barci da Windows ke kira Sleep, ko a kwantar da ita dogon barci, wato Hibernate.

Barin ta a kunne na masu sabar gida ne, wato kwamfutar da wasu na'urori ke dogara da ita dare da rana, da masu naɗar hoton kyamarar tsaro. In ba ka cikinsu, yi lissafi: kwamfutar da ke cin wat 60 tana zaune, cikin awa 8,760 na shekara za ta sha sama da kilowat-awa 500, fanka na zuƙar ƙura ba hutu. Maganar cewa kunnawa na kashe faifai ta samo asali ne daga faifai mai juyawa, irin mai zagaye 5,400 ko 7,200 a minti. Ko a nan ma, binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000 bai ga wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin yawan kunnawa da mutuwar faifan da bai wuce shekara biyu ba, sai a tsofaffi aka ɗan ga bambanci. SSD kuwa, wato faifan ajiya na zamani, babu abin da ke juyawa a cikinsa.

Kashewa kullum ba laifi ba ne, sai dai akwai ruɗi a ciki. Tun daga Windows 8 a 2012, in ka danna Shut down, tsarin Fast Startup yana rufe manhajojinka amma ya adana zuciyar Windows a faifai don ta tashi da sauri. Ka yi asarar shafukan da ka buɗe, ba ka kuma samu wankin da kake zato ba. Buɗe Task Manager ka duba Up time, wato tsawon lokacin da Windows ke gani ta yi a kunne, kana iya ganin kwana goma sha a kwamfutar da kake rantsuwa kana kashewa kowane dare. Restart ne ke wanke ta tas, ko ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down.

Sleep na wanda zai fita na awa ɗaya ne. Aikinka yana zaune a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, RAM kuma da wuta take riƙe abu, wuta ta tafi ya bi ta. Sababbin laftof ma wasu kan farka a cikin jaka, ka ciro su da zafi kamar dutsen guga.

Ni dai Hibernate na riƙe, kuma ban ga ranar sakinsa ba. Abin da yake yi shi ne ya kwashe abin da ke RAM ya rubuta a wani fayil mai suna hiberfil.sys, sannan kwamfuta ta mutu murus. Fanka ya tsaya, fitila ta mutu, kana iya zare fulogi daga bango ka tafi mako guda. Ranar da ka dawo ka danna maɓalli, ga shafuka ashirin ɗinka na intanet a jere, ga wasiƙar da ka tsaya a tsakiyar jimla, ɗan sandan rubutu na ƙifta ido a inda ka bar shi. Wannan zare fulogi shi ne ya saye zuciyata, domin tsawa ba ta bin wayar da ba ta jone. Da na san shi a wancan dare da faifaina na raye.

Ana cewa Hibernate yana cinye SSD. A Windows 10 girman fayil ɗin kashi 40 cikin 100 ne na RAM, wato gigabait 6 da 'yan kai in RAM ɗinka 16 ce. Ko kullum ka cika shi, a shekara bai kai terabait 3 ba, alhali Samsung 870 EVO mai gigabait 500 an ba shi garantin rubuta terabait 300. Kwamfutar za ta tsufa kafin faifan ya ji a jikinsa. Matsala ɗaya, Windows na ɓoye Hibernate: shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka buɗe saitin da aka kulle, ka sa alama a Hibernate. Sai ka haɗa da Restart sau ɗaya a mako, musamman bayan Talata ta biyu ta wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyaren tsaro tun 2003.

To, me za a saya? In har yanzu faifai mai juyawa gare ka, SSD ne farko, shi ke sa tashi daga dogon barci ya zama na 'yan daƙiƙu. Mai laftof ya riga ya samu batir a jiki, ya nemi saitin tsayar da caji a kashi 80 in na'urarsa na da shi, ya wuce. Mai kwamfutar tebur UPS yake buƙata, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, kuma iri uku ne. Mafi araha, mai jira sai wuta ta ɗauke, ban damu da shi ba. Babba mai sarrafa wuta ba tsayawa na ɗakin sabar ne. Na tsakiya, wanda ake rubuta wa line-interactive, mai daidaita wuta in ta yi ƙasa ko sama ba tare da taɓa batir ba, shi zan ce ka ɗauka, kuma lallai mai kafar USB. In ka haɗa shi da kwamfuta da wayar USB, Windows kan ɗauke shi kamar batirin laftof, sai ka saita cewa in batir ya kusa ƙarewa kwamfuta ta shiga Hibernate da kanta, ko kana nan ko ba ka nan.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a kwali VA ce, wani ma'aunin ƙarfin wuta na daban, ba wat ba. UPS mai 650VA galibi wat 360 zuwa 390 yake ɗauka. In ka juya kwalin ta ko'ina ba ka ga wat ba, ajiye shi. Sannan ka ɗaga shi da hannu. Batirin dalmar da ke cikin ƙananan UPS, mai bolt 12 da 7Ah, shi kaɗai ya kai kilo biyu, ga tiransifoma a kai. Wanda ka ɗaga ya taho sakayau, an rage wani abu a ciki. Batirin nan shekara uku zuwa biyar yake yi, yana kuma lalacewa ko a ajiye, don haka nemi ranar ƙira. Sabon kwali ba ya nufin sabon batir, akwai masu goge tsohuwar na'ura su liƙa mata takarda mai sheƙi, kyan ɗan maciji. Kada kuma ka jona firinta mai leza a kai, jan wutarta ya fi ƙarfinsa.

Shi kuwa wancan soket nawa, bayan ɓarnar na kwance shi da sukuddireba. Wayoyi uku, makunni, da ƙwan fitila. Shi ke nan. Mai kariya na gaske yana da wani ɗan faifai kamar kwabo, galibi shuɗi, da ake kira MOV, shi ke shanye tsallen wuta. A kwalinsa za ka ga adadin jul, wato ma'aunin ƙarfin dukan da zai iya sha, da alamar gwaji irin UL 1449, da fitila ta daban mai nuna kariya na aiki, domin MOV na ƙarewa da yawan duka, soket ya ci gaba da ba da wuta alhali ya zama fanko. Fitila ɗaya tal a jikin makunni ba ta shaida komai.

SSD na jabu ma ya cika kasuwa. A rubuta terabait 2, ciki ƙaramin katin ajiya ne da aka koya wa ƙarya. Yana karɓar fayil kamar gaske, sai ranar da ka je buɗewa ka tarar da shara. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika faifan ta karanta ta faɗa maka girmansa na ainihi. In kwamfutar da wani ya yi amfani da ita za ka saya, sa manhajar CrystalDiskInfo ka duba awannin da faifan ya yi a kunne. Wanda aka ce maka "ba a daɗe da buɗe ta ba" amma ya nuna awa 26,000, kusan shekara uku ke nan ya yi a kunne, irin tawa ta da.

Ranar da UPS ya iso hannunka, ka caja shi ya cika, ka jona kwamfuta da allo, ka adana aikinka, sannan ka zare fulogin daga bango da agogo a hannu. In kwamfutar ta ƙifta ta mutu, ko ƙarar gargaɗi ta koma ta gaggawa kafin minti biyu, mayar da shi cikin kwalinsa tun rasit bai tsufa ba.