FilmFreeway: abin da yake yi wa ɗan fim na Katsina da ɗan'uwansa na ƙetare

Yawancin gajerun finafinan da matasa ke haɗawa a Katsina da Daura a wayoyin abokai suke ƙarewa. Yanzu kuma ga wani salo da ya shigo: yaron da aka haifa a unguwar Nima ta Accra, ko zangon Kumasi, ko Jidda, ko Landan, ya zo gida hutu da labarinsa, a haɗa shi da 'yan wasan kwaikwayo na makaranta, a ɗauka a gindin Gobarau ko bakin rijiyar Kusugu cikin kwana huɗu. An gama tacewa, sai a tsaya cirko-cirko, ina za a kai shi? Amsar da aka fi bayarwa ita ce FilmFreeway, shafin da aka buɗe a Kanada a 2014, wanda ya zama babbar ƙofar tura fim zuwa bukukuwan baje koli tun da Withoutabox, shafin da ya riga shi wannan aiki, ya rufe a 2019.

Shafin yana aikinsa, kuma buɗe asusu kyauta ne. Sau ɗaya za ka cike bayanin fim: suna, tsawo, harshe, ranar kammalawa, taƙaitaccen labari, tarihin darakta, fosta da hotuna. Ka ɗora fim ɗin kai tsaye ko ka sa mahaɗin Vimeo, shafin ɗora bidiyo, mai kalmar sirri, daga nan duk bikin da ka zaɓa wannan bayanin zai gani. Akwai gurbi biyu da suka dace da aikin haɗin gwiwa, na ƙasar da fim ya fito da na ƙasar da aka ɗauke shi. Darakta mazaunin Ingila da ya ɗauka a Daura zai iya nuna duka biyun, kuma hakan na buɗe masa bukukuwan da ke neman finafinan Afirka da na 'yan Afirka mazauna ƙetare, irin su AFRIFF na Legas da Pan African Film Festival na Los Angeles. Sai dai bukukuwan Cannes da Berlin ta shafukansu suke karɓa, kada a ɓata lokacin nemansu a nan.

Kuɗi shi ne inda ɗan'uwa na waje ya fi amfani. Kowane biki shi ke yanka kuɗin shiga, wasu kyauta, wasu dala 20, manya kan wuce dala 60, kuma farashin na hawa ne mataki-mataki yayin da ranar rufewa ke matsowa. Wanda ya yi sammako kan biya ƙasa da na makararre nesa ba kusa ba. Da dala ake biya, katin naira kuwa ba kullum yake wucewa ba, domin bankuna sun sha rage adadin da za a kashe a waje ko su rufe gaba ɗaya. Biki goma a kan dala 30 dala 300 ke nan, kuma ko an ɗauki fim ko ba a ɗauka ba, kuɗin sun tafi. Mai son tallafa wa yaran, wannan ya fi musu sabuwar kyamara. A kuma tura wa masu bikin gajeren saƙo a nemi lambar yafe kuɗi, a faɗi ƙasar da fim ya fito da cewa aikin farko ne. Wasu na bayarwa, wasu ko amsa ba sa yi.

Babban aibin shafin shi ne ba ya tace maka gari da tsakuwa yadda ya kamata. A cikin dubban bukukuwan da ke ciki akwai na gaske, akwai na neman kuɗi kawai. Alamarsu a fili take: suna raba kyauta kowane wata, suna da rukuni arba'in ko hamsin, ba su da zauren da ake nuna fim, kuma bayan sun ce ka yi nasara sai su nemi kuɗin kofi ko satifiket. Yaro ya ga ganyen yabo, wato tambarin nasara na biki, a fostarsa ya yi ta murna, alhali ba mutum ɗaya da ya zauna ya kalli fim ɗin. Kafin a biya ko sisi a duba shekarun da bikin ya yi yana gudana, a nemi hotunan zauren da jadawalin bara a shafinsa na kansa, a karanta abin da waɗanda suka halarta suka rubuta, ba waɗanda aka aika wa satifiket ta imel ba.

Sauran abubuwan da ke kayar da fim ba laifin shafin ba ne. Na farko sauti. Mai tantancewa zai yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure maganar da ƙarar janareto da Keke Napep suka haɗiye ba. A lokacin hunturu, makirfo ba tare da rigar gashi mai tare iska ba iska kawai yake ɗauka. A sa makirfo na kwala ko na sanda kusa da baki, a kashe janareto a koma batir, a kuma ɗauki minti ɗaya na shirun wurin don edita ya cike giɓi.

Na biyu fassarar ƙasan allo. Layi biyu ne iyaka, kowane layi kada ya wuce harafi 42, kuma a bar shi ya daɗe yadda mai karatu zai gama. Manhajar Subtitle Edit kyauta ce kuma ta isa. A kwafin da za a tura, a manna fassarar a jikin hoton, a ajiye fayil ɗin fassarar, wato SRT, daban don ranar nunawa. Karin magana kuwa ma'anarta ake fassarawa. In tsohuwa ta ce wa jikanta ɗan Landan "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", aka bi ta kalma-kalma, Bature zai ɗauka maganar gini ake. Nan ma na ƙetare ya fi iya Turancin, na gida ya fi sanin abin da ake nufi, sai su zauna tare. A duba sunaye ma: ƙ da ɗ da ɓ kan koma akwatuna idan salon rubutun bai san su ba, ko ba a adana fayil a tsarin UTF-8 ba.

Na uku gaggawa. Da yawa daga manyan bukukuwa suna son a ce su ne farkon nuna fim, a duniya ko a ƙasarsu. Wanda ya saki fim ɗinsa a YouTube ko ya yanyanka shi a TikTok ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofin. Tirela ta minti ɗaya ta isa. Haka waƙa: mai turawa yana amincewa cewa haƙƙin komai nasa ne, don haka kiɗan Indiya ko waƙar wani mawaƙi da aka ɗora ba izini na iya sa a janye fim bayan an zaɓe shi.

Fayil ɗin turawa a fitar da shi MP4, H.264, 1080p. Fim na minti 12 a kan megabit 10 a daƙiƙa zai kai kimanin MB 900, sai a ɗora da tsakar dare, kwamfuta a cike da caji. Tsawo ma a kula, Cannes minti 15 take karɓa a gasar gajerun finafinai, kuma ko'ina fim na minti 10 ya fi na minti 35 sauƙin samun gurbi a jadawali. In an zaɓe ka, wasu za su nemi DCP, wato tsarin na'urar silima, DCP-o-matic na yin sa kyauta.

Ga 'yan wasan dandamali kuwa shafin bai da amfani sosai. Ana iya tura rubutun wasa a PDF zuwa gasar rubutu, amma wasan da aka ɗauka da kyamara ɗaya daga bayan zaure ba kasafai yake shiga a matsayin fim ba. Ƙungiyar da ke son amfana sai ta ɗauki fitowa ɗaya mai ƙarfi, ta sake tsara ta don kyamara, ta fitar da ita daga dandamali zuwa zauren gida ko soro na gaske.