Tsofaffin Injin Tur: Wanne Ya Dace da Ƙaramin Shago a Damagaram?

Mai shago mai mita 3 bisa 4 da ke neman injin tur, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙa shi, yakan fara da auna tsawon inji. Ga aikin da ake kawowa a Zinder, wato bushin na babur, sandar injin ban ruwa da ta injin niƙa, ramin da ke tsakiyar kan injin ya fi tsawon gado (doguwar shimfiɗar ƙarfen da wuƙa ke tafiya a kanta) muhimmanci, domin ta nan dogon ƙarfe ke wucewa.

Myford ML7 na Ingila, wanda ya fito a 1946, yana zama bisa tebur kuma yana aiki da wutar gida mai volt 220. Aikinsa tsaf ne, amma raminsa bai wuce milimita 15 ba. Sandar milimita 25 ba za ta shiga ba, idan kuma aka matsa masa da yanka mai zurfi sai ya hau rawa. Na ƙananan gyare-gyare ne. South Bend mai inci 9 na Amurka da takwaransa Boxford sun fi shi kaɗan, raminsu kusan milimita 19. Boxford ɗin da motar lantarkin da ke juya shi ke ƙasa cikin akwati ya fi dacewa da matsatsin wuri, don ana iya jingina shi kusa da bango.

Colchester Student ne ya fi biyan bukata. Raminsa milimita 38, tsawonsa mita ɗaya da rabi da 'yan kai, nauyinsa ya haura rabin tan, saboda haka yana cin ƙarfe ba tare da girgiza ba. Sharaɗinsa wutar trifaze, wato mai layi uku, ta volt 380, sai a fara tabbatar da layin NIGELEC ya iso shagon kafin a biya kuɗi. Cazeneuve HBX 360 na Faransa inji ne na gaske, sai dai ya haura tan guda, yana son daɓen siminti mai kauri da ƙofa mai faɗi.

Matsalar yawancin injinan Ingila da Amurka ita ce an ƙera su kan ma'aunin inci, alhali kusoshin baburan da ke yawo a gari na milimita ne. Ba tare da giya mai haƙora 127 ko madadinta ba, zaren kusa da aka yanka ba zai hau daidai ba. A ƙirga giyoyin canji a gaban mai sayarwa, samun wadda ta ɓace ko a Kano ba abu ne mai sauƙi ba.

Kafin a saya a duba gado, ya fi cinyewa kusa da kan injin. A ɗan ɗaure keken da ke ɗauke da wuƙa a nan, a tura shi dama: idan ya cije a hanya, gadon ya zaizaye. Sannan a sassaƙa sanda mai kaurin milimita 30 tsawon milimita 150, a auna bakin biyu. Bambancin da ya wuce milimita 0.05 dalili ne na rage farashi.

Wajen girkawa, a sa gefen hagu ya fuskanci ƙofa ko taga don dogon ƙarfe ya samu mafita. A kuma riƙa rufe gado da leda lokacin hunturu, ƙura da mai idan sun haɗu goge ƙarfe suke yi.