Tsohuwar adakar katakon sida: yadda wani kafinta a Garwa ya gyara mini ita

Adakar ta kakarmu ce. Kakanmu ya saye ta a Ngaundere, cikin ƙasar Kamaru, a hannun wani Ba'amurke ɗan mishan da ke shirin komawa gida. Tun shekarun 1920 akwai Turawan mishan na Amurka da na Nowe a ƙasar Adamawa, kuma in za su tashi sukan sayar da kayan da suka yi musu nauyi. Daga kaka ta koma wajen Inna, da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta dawo hannuna a nan Garwa. Da katakon sida aka yi ta, jan nan mai ƙamshi da ke fitowa a gabashin Amurka. A can, a da 'yan mata kan tara kayan aurensu a irin wannan adaka, su cika ta da barguna da zannuwan gado kafin ranar biki.

Sai dai ta zo mini a gajiye. Murfin duk tabon gindin kwano da kofi, tsohon man da aka shafe ta da shi ya tsattsage ya yi baƙi, ƙafa ɗaya tana rawa, hinji ya yi tsatsa. In ka buɗe, warin kafur ne zai tare ka, don shekara da shekaru da shi Inna ke tsare tufafinta. Ƙamshin katakon kam ya ɓace sam.

Kafintocin da na fara tuntuɓa duk bakinsu ɗaya: a sa inji a goge ta tas, a zuba mata banish ciki da waje, ta fito tana sheƙi. Wani ma cewa ya yi a yi mata fenti ruwan toka, wai shi ake yayi. Hankalina bai kwanta ba, har wata maƙwabciyata ta kwatanta mini wani dattijo a wajen Yelwa, wanda tsofaffin kujeru da kabad ya fi taɓawa. A kan aikinsa nake wannan sharhi, kuma tun yanzu zan faɗa cewa na gamsu, ko da yake akwai inda bai kyauta mini ba.

Da muka sauke ta daga amalanke bai yi maganar kuɗi ba tukuna. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya durƙusa ya leƙa gindinta. Sannan ya kira ni ya nuna mini bakin murfin, inda wani ɗan yanki ya ɓalle. "Hajiya, duba nan. Sidar tana ciki. Wannan na waje falle ne aka manna a kai, bai kai kaurin farcenki ba. In inji ya hau shi, kafin ki ce kwabo ya cinye." Gaskiyarsa. Yawancin waɗannan adakoki haka aka yi su: jikin sida ne, fuskar kuwa siririn fallen wani katako mai kyan zane, sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. In aka huda shi, babu gyara sai faci, facin kuma ba ya ɓoyuwa.

Ya ɗauko auduga ya tsoma a sifirit, ya goga a bayan adakar inda ido ba ya kai wa. Babu abin da ya motsa. Ya sake wata da tina, ruwan nan na tsinka fenti, nan take tsohon man ya yi laushi ya biyo audugar. Da wannan ya gane irin man da aka shafa mata tun asali, ya kuma gane cewa wanke shi za a yi, ba kankarewa ba. Haka ya bi ta taki-taki da tina da soson ƙarfe mai laushi da tsumma, har zanen katakon ya fito, launin ƙasa-ƙasa mai igiyoyi da ban taɓa sanin yana wurin ba. Bayan ta bushe ya bi ta da samfefa lamba 220 da hannu, yana bin yadda zanen ya kwanta, ba ya ƙetare shi. Inda fallen ya ɗaga, ya cusa gulu da bakin wuƙa, ya ɗora takarda da guntun katako ya matse ya bar shi ya kwana.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne cikin adakar. Na tambaye shi wane mai zai shafa a ciki. Ya ce, "'Yata, cikin nan ba a shafa masa komai. Wanda ya shafa ya kashe ta." Dalili kuwa, ƙamshin sida daga man da ke cikin katakon yake fitowa. Da shekaru suka ja, saman katakon ya bushe, ƙura da datti suka toshe shi, man ya daina fita. Banish zai rufe shi har abada, kuma ba ya ma bushewa da kyau a cikin adakar sida, don man katakon na sa shi ya yi danƙo ya manne wa tufafi. Abin da ya yi kawai, ya bar ta a buɗe a inuwa kwana da kwanaki warin kafur ya fice, sannan ya sa samfefa mai laushi ya shafe cikin sama-sama.

Ina tsaye ya yi kusurwa ɗaya don in gani. Katakon da ya dushe ya zama kamar na kowa, hannu biyar ko shida sai ga ja ya ɓullo, ja mai sirkin shunayya, da ratsin fari-fari a gefe da ƙananan idanu masu duhu. Garin da ke zuba a tafinsa ma ja ne. Sai ƙamshin ya taso, kamar na sabon fensir da aka fere, amma ya fi shi zurfi da daɗi. Wallahi sai da idona ya ciko, don ƙamshin da na sani ne a jikin zannuwan kakarmu ina ƙarama, na ɗauka na turarenta ne. Ya share garin da busasshen tsumma, bai bari ko ɗigon ruwa ya taɓa wurin ba.

Ya kuma cire tsohon makullin, wanda ke datsewa da kansa da zarar murfi ya faɗa. Ya tambaye ni ko akwai yara a gidan, na ce akwai. Ya ce to wannan ba zai koma ba. Maganar ba ƙarama ba ce. A Amurka, a 1996, kamfanin Lane na jihar Bajiniya ya yi shelar sauya makullan adakokin sida kimanin miliyan 12 da ya ƙera daga 1912 zuwa 1987, bayan yara sun shiga ciki suna wasan ɓuya, murfi ya datse, iska ta ƙare musu. Tamu babu tambarin kowa a jikinta, amma duk adakar da ke rufewa ruf kuma ba a iya buɗe ta daga ciki, haɗarin ɗaya ne. Ya sa mini wani ɗan maƙali da ba ya kamawa sai an sa hannu, da ƙarfen da ke tokare murfin kada ya faɗo wa yaro a yatsa. Duk mai irin wannan adaka a gida, don Allah ya duba makullinta yau.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Ya ce mako biyu, aikin ya haura wata. Wani ɓangare na jinkirin na yarda da shi, domin lokacin hunturu ne, kuma kowa ya san ƙurar Garwa a watan Janairu. Da sassafe yake shafa banish ɗin waje, bayan ya yayyafa ruwa a ƙasan shagon, shafa uku sirara, yana gogewa kaɗan tsakanin kowace. Amma sauran jinkirin na karɓar aiki fiye da ƙarfi ne, kuma ba ya kira ya sanar, sai na je na tarar yana kan gadon wata amarya. Duk da yayyafin ruwan, gefen hagu ya kwashi ƙura, in ka shafa hannu za ka ji tsakuwa-tsakuwa. Na nuna masa, bai yi musu ba, ya sake wannan gefen, amma ƙarin kwanaki ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne hinji. Tsofaffin masu launin tagulla ne, ya cire ya sa fararen ƙarfe na kasuwa ba tare da ya tambaye ni ba. Suna aiki, sai dai ba su dace da jikinta ba ko kaɗan. Allah ya sa bai zubar da tsofaffin ba, na karɓo su, na jiƙa a kananzir, kuma mun yi da shi zai mayar da su.

Kuɗin duka jaka 35 na sefa, 15 na kayan aiki, 20 ladan hannu. Da wannan kuɗin zan iya samun sabon akwatin ƙarfe har da canji, na sani. Ban ga tsadarsa ba.

Ga mai tunanin ƙamshin sida kaɗai zai tsare masa kaya daga asu, a rage buri. Ƙamshin yana kashe ƙananan tsutsotsin asu in ya taru da ƙarfi a rufaffen wuri, amma bai cika yin tasiri a kan manya da ƙwai ba, kuma yana raguwa da shekaru. Rabin aikin murfin ne da ke zama daram ba rata. Don haka sai an wanke kaya an shanya sun bushe ƙayau kafin a zuba, musamman bargon ulu da rigar tsamiya, waɗanda asu ya fi so. Fararen kaya kuma a naɗe su a tsohon zanen auduga, saboda man katakon kan yi musu tabo. Dattijon ya ce in ɗora ta a kan bulo, in janye ta daga jikin bango saboda gara da laimar damina, kada kuma rana ta riƙa dukanta ta taga, don zafin Maris da Afrilu na nan yana ɗaga falle. In ƙamshin ya yi sanyi bayan 'yan shekaru, samfefa lamba 220 da hannuna sun isa, ba sai na koma shago ba.

Wanda ke da tsohon kayan katako a Garwa kuma ba ya gaggawa, irin wannan dattijon zai nema. Amma a yi magana a kan hinji da marfi da duk wani ƙarfe tun kafin a bar shagon, a kuma ninka kwanakin da ya faɗa.