Ranar da aka ƙirga mini gorar ruwa a Palm Springs

Araha ce ta kai mu Palm Springs a tsakiyar watan Yuli. Garin yana cikin hamadar kudancin Kalifoniya, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Los Anjelis inda muke zaune, kuma a lokacin sanyi ne masu hali suke cika shi; da zarar zafi ya kankama sai su watse, otel-otel kuma su karya farashi. Da na ga ɗakin da ya fi ƙarfina a watan Fabrairu ya sauko daidai aljihuna, sai na ce wa uwargida ta shirya yara mu je mu yi kwana uku, kullum mu fita ganin wani wuri mu dawo mu kwana. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin arahar ba, alhali tun muna yara muke jin cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wuraren zuwa suna da yawa, har zaɓin ya zama aiki. Ni dai na zaɓi mafi kusa, wato ɗaya daga cikin kwaruruwan da ke gindin dutse a gefen gari, waɗanda ke hannun 'yan asalin wurin, ƙabilar Cahuilla ta Agua Caliente, su ne kuma ke karɓar kuɗin shiga. Mun isa ranar Juma'a da hantsi, ina riƙe da ƙananan gorar ruwa biyu, mu biyar. Matar da ke bakin shiga, wadda a haife ba za ta wuce sa'ar 'yar yayata ba, ta dubi gorunan, ta ƙirga mu da ido, sannan ta ce: "Yallaɓai, da wannan ruwan ba zan bar ku ku shiga ba." Na yi dariya irin ta manya, na bayyana mata cewa ni mutumin Nguru ne, a bakin Sahara aka yanke mini cibiya, kuma na yi azumi a bazarar da ko akuya ba ta barin inuwa. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, sannan cikin ladabi ta ce ba ta musa ba, amma dutsen bai san inda aka haife ni ba, yaran nan kuma ba su tashi a can ba. Ta turo mini katina ba tare da ta cire ko sisi ba. Akwai mutane a layi bayana, kuma duk sun ji.

Na koma mota raina a ɓace, ina faɗin cewa raini ne, uwargida kuwa ta juya kai tana kallon taga don kada na ga tana dariya. Sai da na huce na lura da abin da ya fi ba ni mamaki, wato cewa na zo da kuɗina zan biya, an ƙi karɓa saboda lafiyata. Ku da kuke gida kun san yadda za a yi da a wajenmu ne. Mai tsaron ƙofa zai karɓi kuɗin, ya nemi na goro a kai, ya ce Allah ya kiyaye hanya, idan kuma aka ɗauko mutum a sume sai a ce kwana ne ya kusa ƙarewa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, domin da ya hana ni shiga, ni ne zan fara tambayarsa ko ya san da wanda yake magana, in kuma nemi lambar ogansa. Mun ɗauki gargaɗi a matsayin cin fuska, mun kuma ɗauki ganganci a matsayin tawakkali. A nan kuwa shawarar da ake bai wa mai shiga hamada a fili take: kowane mutum ya tanadi aƙalla galan guda, kusan lita 4, na yini, kuma idan ruwa ya kai rabi a juya. Garin da ma'aunin zafinsa ya taɓa kai digiri 51 a watan Yulin 2024 ba ya wasa da wannan magana.

Matar ce ma ta ba mu shawarar inda za mu nufa a irin wannan rana: sama. Akwai wani ɗakin gilashi da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, wanda aka buɗe hanyarsa tun 1963, yana ɗaukar mutane daga gindin dutsen San Jacinto zuwa tsayin mita 2,596 cikin kamar minti goma, daɓensa kuma yana juyawa a hankali domin kowa ya ga kowane ɓangare. Mun bar ƙasa iska tana dukan fuska kamar an buɗe tanda, mun sauka a cikin dogayen itatuwa da sanyi irin na Jos, har ƙaramar 'yarmu ta nemi rigar sanyi. Sai dai a nan ne Amurka ta nuna ɗaya halin nata. Kuɗin da aka rubuta ba shi ne kuɗin da ake biya ba, ajiye mota ma da nasa kuɗin daban, abincin da ake sayarwa a sama kuma burodi ne mai sanyi da ɗan nama a tsakiya, a farashin da zai ciyar da gida guda. Alwala kuwa ta zama kokawa da famfon da ba ya zubo da ruwa sai ya ga hannu, ya kuma ɗauke kafin mutum ya kai gwiwar hannu.

Ranar Asabar tun da asuba muka kama hanyar gandun Joshua Tree, kamar awa guda daga gari. Dala 30 muka biya wa motar gaba ɗaya, takardar kuma tana aiki har kwana bakwai, babu ciniki, babu wanda ya leƙo taga yana cewa a taimaka wa yara. A ciki babu shago, babu gidan mai, waya ma ba ta kamawa a yawancin wurare, kuma sun faɗa tun daga ƙofa. Itacen da aka sa wa gandun sunansa yana rabuwa reshe-reshe kamar goriba, duwatsun kuma an jibge su kan juna tamkar na garin Dutse, har na tsaya ina nuna wa yara ina cewa haka ƙasarmu take, su kuwa suna tambaya ko akwai intanet a can. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu abin da ke wurin wanda Allah bai ba mu irinsa ba; titi mai kyau ne kawai, da bayan gida mai tsabta, da allo mai faɗin gaskiya game da nisan kowace hanya. Tafkin Salton da ke wannan yankin kuwa, wanda ambaliyar kogin Kolorado ta haifar a 1905, ban ba kowa shawarar zuwansa da zafi ba, domin wari yake yi.

A hanyar dawowa mun ratsa ta Indio, inda gonakin dabino suke a jere. Irin nasu daga ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka aka kawo shi, Deglet Nur daga Aljeriya, Majhul kuma daga Maroko a 1927, ga shi yau suna nannaɗe shi a kwali mai kyau, suna markaɗa shi da madara mai sanyi su sayar wa baƙi. Yana da taushi da zaƙi, amma ni busasshen dabinon Agadas na tuna, wanda ake auna wa mutum a mudu, a kuma ƙara masa gyara.

Ranar Lahadi muka koma kwarin da aka kore ni, da zarar an buɗe, ɗauke da galan biyar kamar masu shirin ƙaura. Na so in tarar da matar don ta gani, amma wani saurayi ne a wurin, ya dubi ruwan ya miƙo tikiti bai ce komai ba. A ciki akwai inuwar wasu itatuwa masu ganye irin na giginya, busassun ganyensu sun sauko sun rufe jikinsu kamar jinka. Ba mu yi nisa ba rana ta ɗaga, kuma wanda ya fara neman dutsen da zai zauna a kai, ya kuma shanye gorarsa kafin kowa, shi ne mutumin Nguru. Ni na ce a juya. Uwargida ta miƙo mini tata gorar, ta ce: "Sha, Malam, ai ba azumi kake yi ba."