Wace zargina za ka saya don cire sitiyarin tsohuwar mota?

Duk mai tsohuwar mota a Jidda, ko Caprice ce ko Cressida ko Land Cruiser FJ40, wata rana sai ya buƙaci cire sitiyari: hon ya mutu, ko sigina ta daina komawa, ko ya samo wani mai kyau a tashlihi, wato wurin da ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Kwance notin tsakiya ba wuya. Wahalar tana bayansa, domin sitiyarin yana zaune ne a kan sanda mai haƙora wadda bakinta ya tsuke, shekara arba'in suna manne da juna. Abin da ke raba su shi ne zargina, wadda makanikan gida ke kira fula.

Ni dai mai ƙusoshi biyu nake so, kuma ita nake ba kowa shawara. Ƙarfe ne guda mai tsaga hagu da dama, da babban sukuru a tsakiya. Idan ka ɗaga murfin hon za ka ga ramuka biyu masu zare a gefen sandar. Don wannan aikin kamfani ya huda su. Ka ɗaura ƙusoshin a ciki daidai wa daida, ka ɗora bakin sukurun a kan sandar, ka riƙa juyawa da sifana a hankali. Can sai ka ji ƙas, ya saki. Ƙarfe ne ke jan ƙarfe, robar sitiyarin ba abin da ya taɓa ta, kuma robar da ta sha ranar Jidda tun 1979 ba ta da sauran haƙuri. Kafin ka fara, cire kan batir, miƙar da tayoyi, ja layi da alli daga sandar zuwa cibiyar sitiyarin don ka mayar yadda yake. Notin kuma kada ka cire shi gaba ɗaya, bar shi a bakin zare, in ba haka ba sitiyarin yana iya fizgowa ya same ka a haɓa.

Mai farata biyu ko uku ta boris ce da fuli, a sitiyari fasa roba kawai take yi. Mai faranti biyu da ake zurawa ta ƙasan cibiya sai motar da ba ta da ramukan nan. Guduma kuwa ba ta cikin lissafi: tun 1967 motocin GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet irin su Caprice, suke zuwa da sanda mai lanƙwashewa in an yi haɗari, duka yana karya ƙananan robobin da ke riƙe da ita.

Inda na ƙone shi ne ƙusoshi. Motocin Japan irin Toyota suna cin ƙusar milimita, M8 mai tazarar zare 1.25, tsofaffin Chevrolet kuma na inci ne, 5/16 mai zare 18 a kowane inci. A ido kamar tagwaye, kaurinsu bai bambanta da ko kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Na sayi wani jan akwatin zargina a haraji, kasuwar gwanjo, mai kayan ya rantse mini yana yi wa kowace mota. Na ɗaura M8 a Caprice ɗin mahaifina, ta shiga zagaye biyu ta cije, na ce tsatsa ce na ƙara ƙarfi. Da na fara juya sukurun sai ƙusar ta fito da zaren ramin a jikinta kamar gashin masara. Wani dattijon bakanike a sina'iyya, unguwar garejoji, mutumin Sakkwato, ya duba ya ce, "Ɗana, ƙusar da ba ta shiga da yatsa ba, ba ta ramin ba ce." Na ce, "Baba, yanzu yaya za a yi?" Sai da ya faɗaɗa ramin ya yanka sabon zare, yini guda ya tafi.

Saboda haka kada kyan akwati ya ruɗe ka. Jabu ta cika kasuwa, da takardar Jamus ko Japan manne a murfi wadda farce ke ɓamɓarewa. Zazzage ƙusoshin a tafin hannunka ka duba alamar ƙarfi a kawunansu: na milimita su nuna 8.8 ko 10.9, na inci su nuna layi uku ko shida. Kan da ba komai a kansa, ajiye. Juya ƙarfen tsakiyar. In fatarsa gurje-gurje ce kamar tukunyar dalma, da ƴan ramuka a ƙarƙashin fenti, zubi ne mara kyau, zai tsage. Babban sukurun ya kasance yana tafiya sumul ba girgiɗi, da hula mai juyawa a bakinsa, domin tsinin da ba hula yana buɗa bakin sandar har noti ya ƙi komawa. Wasu ƴan kasuwar ma sukan zare ƙusoshin inci daga akwati su sayar daban, don haka ƙirga su a gaban mai shago. In ka samu zarginar kamfanin OTC ko Lisle ta hannu a tashlihi, ko ta yi baƙi da giris, ɗauke ta ka bar sabuwar da ba suna. Kuma in da hali tafi da motar, ka gwada ƙusar a ramin da yatsa kafin ka miƙa riyal ko ɗaya.