Tafiya hutu da kyanwa ko barinta a gida: wanne ya fi mata?

'Yar'uwa, kin ce za ki yi hutun mako biyu a wata ƙasa, kuma kina tunanin ko ki ɗauki kyanwarki ko ki bar ta a hannun wani. A ganina barinta ya fi, amma bari in jera miki hanyoyin ki auna da kanki.

Kare da mai shi yake shaƙuwa, ita kuwa kyanwa shaƙuwarta da wurin zamanta ta fi ƙarfi. Goga kumatun da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa alama take sawa, tana barin wani ƙamshi da ke tabbatar mata cewa nan gidanta ne. Idan aka kai ta ɗakin otal babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, shi ya sa takan shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, ta ƙi cin abinci. Wannan ƙin cin ba abin wasa ba ne, domin kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta har ya kai ta ga halaka. Muzuru kuma firgici na iya jawo masa toshewar mafitsara, wadda ke kisa cikin 'yan kwanaki idan ba a kai shi wurin likitan dabbobi ba.

Idan jirgi za ki hau, takardu kaɗai sun isa su sa ki sake tunani. Ƙasashen Tarayyar Turai suna buƙatar a fara dasa wa kyanwa ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, sannan a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare bayan ta cika mako 12 da haihuwa, a jira kwana 21. Idan ƙasar da za ku taso ba ta cikin jerin waɗanda suka amince da su, sai an ɗebi jininta aƙalla kwana 30 bayan allurar an gwada, sannan a ƙara jiran wata uku. Ingila ba ta yarda kyanwa ta iso a cikin ɗakin fasinjoji ba, dole a sashen kaya. Ostireliya na killace ta aƙalla kwana 10, Japan kuwa tana sa a jira kwana 180 bayan gwajin jinin ga masu tasowa daga yawancin ƙasashe. Kada kuma ki manta da cewa ƙasarki ma tana da nata sharuɗɗan ranar dawowa. Ga hutun mako biyu, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Kamfanonin da ke barin kyanwa ta zauna kusa da mai ita, irin su Lufthansa da KLM, sun ƙayyade kilo 8 har da nauyin kejin, kuma kejin zai kasance ƙarƙashin kujerar da ke gabanki har a sauka. Wurin da ya fi haɗari shi ne wajen bincike, inda ake fito da ita a riƙe a hannu yayin da kejin ke bi ta na'ura. Kyanwar da ba a sa mata ɗamarar ƙirji mai igiya ba tana iya kufcewa a tsakiyar jama'a. Likitocin dabbobi ba sa son a ba da maganin barci kafin tashi, saboda yana rage hawan jini yana kuma danne numfashi, kyanwoyi masu gajeren hanci irin kyanwar Farisa kuwa kamfanoni da dama ba sa karɓarsu a sashen kaya.

Da tafiyar mota ce a cikin ƙasa, da lissafin ya ɗan sauya, tunda ke ce da ikon tsayawa da daidaita sanyi. Ko a nan sai an ɗaure kejin da bel, ba a buɗe shi sai ƙofofi da tagogi suna rufe, kuma ba a barinta a motar da aka ajiye a rana ko da na 'yan mintuna ne.

Barinta a gida kuwa sharaɗinsa ɗaya ne mai nauyi: mutum amintacce da zai riƙa zuwa kullum, ba bayan kwana uku ba. Tara mata abinci da ruwa a tafi ganganci ne, domin ruwa na zubewa, kuma babu mai lura idan ta daina fitsari. Wanda zai zo ya sauya ruwa, ya tsabtace tiren yashinta, ya kuma gan ta da idonsa, ba ya ga kwano ya ragu kawai ba. Ki rubuta masa lambar likitanta, ki kuma gargaɗe shi kada ya ba ta maganin mutane, domin ƙwayar farasitamol guda na iya kashe kyanwa. Za ta yi kewarki, wataƙila ma ta share ki ranar da kika dawo, amma tana cikin ƙamshin da ta sani.

Gidan ajiye kyanwoyi na kuɗi yana tsakiya: akwai masu sa ido a kanta, sai dai baƙon wuri ne kuma ga ƙamshin wasu. Suna neman katin rigakafi, kuma wanda bai nema ba kada ki kai masa.

Inda zan goyi bayan tafiya da ita shi ne zaman wata biyu ko fiye a gida guda, ko kuma idan tana shan maganin da ba mai iya ba ta sai ke. Idan haka ne, ki ajiye kejin a buɗe a ɗaki makonni kafin tafiyar, da bargonta a ciki, kina zuba mata abinci a wurin har ta fara kwana a cikinsa da kanta.